Tashar Dindindin ko Awon Rangadi: Wanne Ya Fi Kama Motsin Ƙasa?

Ɗan'uwa, ka yi tambaya a kan masu bincike da ke son sanin yadda ƙasa ke gocewa a gefen wata tsaga ta ɓawon duniya, kuɗinsu kuma bai taka kara ya karya ba: su kafa tashoshin GPS na dindindin ne, ko su riƙa zagayawa da na'ura suna awo shekara-shekara? Kafin a zaɓa, sai an san ƙanƙantar abin da ake farauta.

Faya-fayan ɓawon duniya ba sa gaggawa. Daga milimita kaɗan zuwa wajen santimita 10 suke tafiya a shekara, kusan yadda farce ke tsiro. A Habasha, babban kwarin Gabashin Afirka yana buɗewa da kimanin milimita 6 a shekara. GPS na waya, mai kuskuren mitoci, ba shi da ta cewa a nan. Hanyoyin biyu duk suna buƙatar na'ura mai kama zango biyu, L1 da L2, domin a soke jinkirin da saman sararin samaniya ke jawo wa sigina. Ana ɗaukar bayani kowane daƙiƙa 30, a sarrafa shi da manhaja irin GAMIT, Bernese ko GipsyX, tare da lissafin falakin taurarin ɗan'adam na GPS da IGS, hukumar ƙasa da ƙasa mai tattara bayanansu, ke fitarwa. Awon yini guda cur yana ba da daidaiton milimita 2 zuwa 3 a kwance. A tsaye kuwa, kuskuren kan ninka sau biyu ko uku, saboda tururin ruwa da ke cikin iska da kuma cewa duk taurarin a sama suke, babu na ƙasa da zai daidaita lissafin.

A awon rangadi, ana huda dutse mai tushe a dasa ƙusar ƙarfen da ba ya tsatsa, mai ɗigo a kanta. Duk zuwa, sai a ɗora eriya daidai kan ɗigon, a bar ta tana aiki awa 48 zuwa 72. Da na'ura biyar za a iya zagaye wurare talatin, kuma wannan shi ne babban ƙarfin hanyar: tana cike fili da arha. Rauninta hannun mutum ne. Idan ma'aunin saiti na mai ƙafa uku, wato abin da ake ɗora eriyar a kai, ya goce, milimita 2 ko 3 sun tafi ba wanda ya sani. Idan aka rubuta tsayin eriya ba daidai ba, ko aka manta a faɗi a karkace aka auna ko a miƙe, awon tsaye ya lalace baki ɗaya. Shi ya sa ake aunawa ta gefe uku, farkon aiki da ƙarshensa, a ɗauki hoton ma'aunin. Wanda ya samu hali ya yar da mai ƙafa uku, ya yi amfani da sanda mai tsayi tsayayye da ake murɗawa kai tsaye a kan ƙusar. A koma da irin eriyar da aka fara da ita, a kuma koma a watan da aka saba, domin ruwan damina na danna ƙasa, rani ya sake ta.

Lissafin mai sauƙi ne. In kowane zuwa yana da kuskuren milimita 3, awo biyu da shekara ɗaya tsakani za su ba da kuskuren wajen milimita 4 a shekara, wato kusan girman motsin da ake nema. Idan tazarar ta kai shekara 5, kuskuren zai sauko ƙasa da milimita 1. Kuma kada a tsaya a zuwa biyu, don ɗigo biyu kullum layi suke bayarwa, ko da ɗaya daga cikinsu ƙarya ne.

Tashar dindindin ta kawar da yawancin wannan, tunda eriyar ba ta sauka. Kuɗinta yana tafiya ne wajen kafa turken da eriyar za ta zauna a kai. Inda babu dutse a fili, ana haƙa ramuka a zura sandunan ƙarfe huɗu ko biyar har zurfin mita 10, a haɗa kawunansu da walda. Eriyar da aka ɗora kan rufin gini motsin ginin take aunawa, zafi ya buɗa shi, sanyi ya tsuke shi. Sai faifan sola, batir, kariyar tsawa da hanyar tura bayani. Ana buƙatar aƙalla shekara biyu da rabi kafin a yarda da saurin da ta nuna. Abin da ke kashe ta kuwa mutuwar batir ne, da sata, da bishiyar da ta girma ta tare sama, da sauya eriya ba a rubuta rana ba, wanda ke barin tsalle a jerin bayanai kamar an yi girgizar ƙasa.

Amma akwai abin da ita kaɗai ke gani. A girgizar ƙasar Tohoku ta 11 ga Maris 2011, wata tasha a zirin Oshika na Japan ta matsa mita 5.3 wajen gabas, ta nutse mita 1.2, tashoshin ƙasar kuma suka ci gaba da nuna zamewar da ta biyo baya shekaru. A yankin Kaskadiya, gaɓar yammacin Kanada da Amurka, tashoshin dindindin ne suka tona cewa ƙasa na juyawa baya da milimita kaɗan cikin 'yan makonni, kusan duk wata 14, ba tare da mutane sun ji girgiza ba. Mai zuwa sau ɗaya a shekara zai ɗauka kuskuren awo ne.

A ganinmu, masu ƙaramin kasafi su haɗa biyun: tashoshin dindindin biyu ko uku, aƙalla ɗaya a kowane gefen tsagar, sauran kuɗin a zuba a wuraren rangadi da aka jera a layin da ya gitta tsagar, a matse su kusa da ita, a miƙa layin kilomita 50 ko fiye kowane ɓangare. Idan dutse mai aman wuta ake gadi ko tsagar da ta yi girgiza kwanan nan, dindindin ce kawai mafita.

Wajen fassara sakamako, a tuna cewa saurin da ke fitowa a ITRF, tsarin auna wurare na duniya baki ɗaya, ya haɗa da tafiyar faifan gaba ɗaya. Faifan Nubiya, wanda ke ɗauke da mafi yawan nahiyar Afirka, alal misali, yana tafiya arewa maso gabas da santimita 2 zuwa 3 a shekara. Sai an cire wannan sannan milimitocin da tsagar ke tarawa za su bayyana.