Haɗa manhajojin kamfani: ofishi ɗaya ko kowane sashe da nasa?

Malam, tambayarka ita ce: kamfanin da ke da manhajoji barkatai, ta kuɗi daban, ta ma'aikata daban, ta kwastomomi daban, wa ya kamata ya riƙe ragamar haɗa su, ofishi ɗaya ko kowane sashe?

Duba lissafin tukuna. In kowace manhaja za ta yi magana da kowace kai tsaye, guda 10 na iya kaiwa haɗi 45, guda 20 kuwa 190. Shi ya sa ba a barin abin kara zube.

A tsarin ofishi ɗaya, duk mai son manhajar kuɗi irin SAP ta aika wa manhajar kwastomomi irin Salesforce bayani sai ya shigar da buƙata, injiniyoyin ofishin su gina masa ta bututun da kowa ke bi. Daɗinsa yana fitowa ranar da masu binciken kuɗi suka zo, ko aka ce a nuna inda bayanan wani kwastoma suka bi, irin abin da dokar kare bayanan mutane ta Tarayyar Turai, wato GDPR, ke nema tun 2018. Rajista ɗaya za a buɗe. Ciwonsa kuwa layi ne. In jira ya ishi sashen talla, wani zai kwashe bayanan a Excel ya riƙa turawa ta imel duk ƙarshen wata, ba kuma wanda zai san da wannan haɗin sai ranar da mutumin ya tafi hutu rahoto ya ƙi fitowa.

A ɗaya tsarin, kowane sashe ke gina ƙofar da wasu za su karɓi bayanansa, wato API, shi ke kuma kula da ita. Wani tsohon injiniyan Amazon ya ba da labari a 2011 cewa wajen 2002 Jeff Bezos, shugaban Amazon a lokacin, ya umarci sassan kamfanin su riƙa mu'amala ta irin waɗannan ƙofofi kaɗai, kada wani ya leƙa rumbun bayanan wani ta bayan gida. Aiki na sauri, gaskiya. Amma masu kawo wannan misali sukan manta cewa doka ce daga sama ta riƙe shi. In babu ita, ga abin da ke faruwa: sashen kwastomomi ya tsawaita lambar kwastoma daga harafi 8 zuwa 10, a wurinsu gyara ne ƙarami, ba su sanar da kowa ba. Da safe takardun neman biya sun tsaya, sashen kuɗi na kiran sashen kaya, kowa na rantsuwa bai taɓa komai ba.

Ni dai in manhajojin ba su da yawa, ko harkar irin ta banki ce da hukuma ke sa wa ido, ofishi ɗaya zan zaɓa. In sassan sun yi yawa kuma kowanne na da injiniyoyinsa, a bar musu ginin, a bar wa ƙaramin ofishi doka: kowace ƙofa ta shiga rajista da sunan mai ita, a san wa aka ba izinin shiga, kuma ba a rufe tsohuwar sigar ƙofa sai an ba da wa'adi.

Kafin ku zaɓa, ka tambayi sashen kuɗi da sashen talla, kowanne shi kaɗai, wace manhaja ce ke riƙe da sahihin adireshin kwastoma. In amsa biyu ka samu, da wannan za ku fara.