Baraket ɗin Sitabilaiza Ya Sake Karyewa: Sabo, na Beljiyam, ko Walda?

Duk mai tsohuwar mota da ke bin hanyar Koko zuwa Zuru, ko mai Golf 3 da ke ɗaukar albasa daga Aliero zuwa Jega, ya san ƙarar nan ta ƙwal-ƙwal da ke tashi daga ƙasan gaba in taya ta faɗa rami. Sau da yawa baraket ne, ɗan lanƙwasasshen ƙarfen nan da ke rungume robar sitabilaiza, wato sandar da ke hana mota kwanciya a kwana, ya ɗaure ta a jikin shasi. Karyewa ta farko ana iya ɗora ta kan tsufa. Amma in an sa wani ya sake tsagewa a wuri guda, to wani abu ne ke karya shi, kuma kowane iri ka saya haka zai bi sahun na baya.

Don haka kafin ka nufi shagon kayan gyara, ka karɓi karyayyen daga hannun bakanike ka dubi bakin karayar. In rabinsa ya yi baƙi da tsatsa, ɗaya rabin kuma yana ƙyalli, ƙarfen ya daɗe yana tsagewa a hankali, lanƙwasa ce ta yau da gobe ta gajiyar da shi. In duk bakin fari ne tas, kuma ƙarfen ya murɗe, bugu ɗaya ne ya yi masa, dutse ko gefen kwalbati. Na biyun sai ka canza ka yi gaba. Na farkon ne ke son bincike.

Aikin sandar sitabilaiza shi ne ta murɗa idan taya ɗaya ta hau ɗaya ta sauka, ta hana mota kwanciya a kwana. Dole ta riƙa ɗan juyawa cikin robarta. Robar da ta yi mata kaɗan tana shaƙe ta, sai ƙarfin ya koma kan baraket. Wadda ta yi mata yawa, ko wadda baƙin man da ke ɗiga daga inji ya jiƙa ta ruɓe, tana barin sandar ta riƙa dukan baraket a kowace gargada. Sai kuma abin da ya fi yawa a wajenmu: ɗaga mota. Ana cusa roba ko ƙarfe a kan sifirin, ko a sa sifirin ɗin wata mota, don kada ƙasanta ya riƙa gogar hanya in an yi lodi. Motar ta tashi, amma linkej, ɗan ƙarfen da ke haɗa bakin sandar da ƙafar mota, yana nan a tsohon tsawonsa, sai sandar ta zauna a ɗame ko da mota na tsaye. Mataccen shok ma haka, duk nauyin da ya kamata ya shanye sai ya wuce ga abin da ke kusa. A duba kuma ko sandar kanta ta lanƙwashe, da wurin da notin ke shiga. Motocin da suka yi rayuwarsu ta farko a Turai sun sha gishirin da ake zuba wa tituna lokacin ƙanƙara, galibi tsatsa ta riga ta ci wurin tun kafin su iso Kwatano.

To, wanne za a saya?

Sabo na asali daga kamfani ya fi kowanne, babu musu, sai dai samunsa. Golf 3 ta fara fitowa ne a 1991, masu irin wannan shekaru ba kasafai za ka tarar da kayansu na asali a Birnin Kebbi ba, sai an yi aike Sakkwato ko Ƙofar Ruwa a Kano, kuma kwali mai tambarin kamfani ba ya nufin na ciki na kamfani ne. Ga Corolla da Accord na shekarun 2000 abin ya ɗan fi sauƙi.

Sabo mai araha shi ya cika shaguna. Wasu ba su da laifi, wasu kuwa falle ne aka buga aka shafa wa baƙin fenti. Ka ɗora shi kan tsohon naka ka gwada kauri da tazarar ramuka. In sai an faɗaɗa rami ko an buga shi da guduma kafin ya zauna, ka mayar. Araha dai ba ta ado.

Ni a ganina na Beljiyam, wato na hannu da aka ciro daga motocin ƙasashen waje, ya fi dacewa da yawancin mutane, da sharaɗi. Ƙarfen na asali ne, siffarsa daidai take, kuɗinsa bai kai na sabo ba. Amma ka tuna shi ma ya yi shekaru yana aiki. Ka goge shi da burushin waya har ƙarfe ya fito, ka dubi lanƙwasar da gefen ramin noti cikin hasken rana, can tsagewa ke ɓuya. Kada ka karɓi tsohuwar robar da ke maƙale a jikinsa ko da mai shago ya ce, "Alhaji, wannan kyauta na ba ka." Baraket tsoho, roba sabuwa. Kuma roba da kaurin sanda ake sayenta, ba da sunan mota kaɗai ba, domin mota iri ɗaya na iya zuwa da sanda daban-daban gwargwadon inji da shekara. Hanya mai sauƙi: a goge sandar, a zura mata sifana mai buɗaɗɗen baki, wadda ta shiga cif, 19 ce ko 21 ko 22, lambar da za ka faɗa wa mai shago ke nan.

Walda kuwa ta kai ka gida ce kawai. Zafin wuta na sauya ƙarfin ƙarfen da ke gefen ɗinkin, tsagewar gaba a nan take fitowa. Abin da ya fi muni shi ne a liƙe baraket ɗin da jikin shasi gaba ɗaya don zaren noti ya cinye: ranar da roba ta mutu sai an yanka. In wurin zaman ne ya ruɓe, can ya kamata mai walda ya yi aiki, ya sa faranti mai kyau da sabon noti. Akwai kuma masu ƙera baraket da ƙarfe mai kauri ninki biyu. Yana daina karyewa, gaskiya ne, amma in ba a gyara musabbabin ba, shasi ne zai tsage a madadinsa, kuma wannan gyaran ya fi tsada nesa ba kusa ba.

Wasu direbobin haya cire sandar suke yi ɗungurungum su huta. Mota za ta tafi, amma mai buhuna a bisa da fasinja a ciki, in ta kauce wa rami ko babur da gudu, kwanciyar da za ta yi ba irin wadda direba ya saba ba ce. Ban ba kowa wannan shawara ba.

Duk wanda ka zaɓa, ka sayi biyu, hagu da dama, tare da robobi biyu, da linkej in ya yi sako-sako. Ka dubi kan ƙusar, ka nemi mai lamba 8.8 ko 10.9, ka bar waɗanda ba su da rubutu. Kada a shafa wa roba giris ko baƙin mai, ruwan sabulu ya isa ta shige. Sannan ka roƙi bakanike ya yi ɗaurin ƙarshe bayan an sauke mota daga jak, a kan rami, tana tsaye da ƙafafunta. Bayan sati guda a koma a sake gwada notunan da sifana.