Reshe uku a bakin tankin kifi: wasiƙa daga Jamus

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kai da iyali kuna lafiya. A gaishe mini da Hajiya, a ce mata jikokinta suna nan ƙalau, sanyin ma ya fara sakinmu. Ranar da muka yi waya na ce ka dakata da sayen maganin gyaran ruwan da aka kawo maka talla saboda tankunan tarwaɗarka, kana tambayata dalili layin ya yanke. Maganar ta fi ƙarfin waya, shi ya sa na zauna na rubuto.

Ka san 'yata Ummi ta daɗe tana roƙona kifin ado. Kusan shekara ɗaya da rabi ke nan na samo tankin gilashi na hannu wurin wani mutum da zai tashi daga gida, mai cin lita 112, da fitilarsa da matatarsa da hitar ɗumama ruwa. Washegari na nufi kantin dabbobi da kuɗina a aljihu, da niyyar dawowa da kifi. Matar da ke tsaron sashen kifi ta tambaye ni yaushe na zuba ruwa, na ce jiya, sai ta ce ba za ta sayar mini ba. In koma in bar matatar tana aiki mako uku, sannan in ɗebo ruwan a kwalba in kawo mata ta auna kyauta. Raina ya sosu, ba zan ɓoye maka ba. Daga baya na gane a nan mai sayar da dabba sai da izinin hukuma, kuma sai ya nuna ya san aikin. Na tuna ranar da muka je sayen 'ya'yan kifinka na farko: aka ƙirga mana da kofi, aka juye a jarka, muka biya. Ba wanda ya tambaye mu daga ina ruwanmu yake fitowa.

Ita matar ce ta fara yi mini bayanin abin da ke faruwa a cikin ruwa, kuma ina so ka riƙe shi domin tankinka ma haka yake. Kifi in ya ci abinci yana fitar da amoniya, ragowar abincin da ya ruɓe a ƙasa ma haka, ita kuwa guba ce ko da kaɗan. Akwai wasu ƙwayoyin bakteriya da ke zama a cikin soson matata, su mayar da amoniya naitirait, wanda shi ma guba ne, sai wasu kuma su mayar da shi naitiret. Mako ukun nan da ta ce in jira, lokacin da ƙwayoyin ke buƙata ne su yi yawa. Naitiret bai kai na biyun farko zafi ba, amma matata ba ta fitar da shi, taruwa yake yi kullum. In ya yi yawa kifi ya daina girma, launinsa ya dushe, ciwo ya riƙa kama shi, gansakuka ta rufe gilashi.

Haka kuwa aka yi mini bayan wata biyar. Na sayi kayan awo: 'yar kwalba, magani na ɗigawa, da gari mai ɗan cokali kamar na susar kunne. Ka ɗebi ruwa, ka zuba su, ka girgiza, ka jira minti goma, sannan ka kara da takarda mai launuka daga rawaya zuwa ja. Nawa ya fito ja, ya haura miligiram 50 a lita. Na shiga canza kashi ɗaya cikin uku na ruwan kowace Asabar, amma ya ƙi sauka yadda nake so.

A nan ne na ga aikin da ya fi burge ni a ƙasar nan, fiye da duk kayan da ke kantunansu. Kamfanin da ke ba mu ruwan famfo yana saka sakamakon awon ruwan a intanet, kowa ya duba: taurinsa, gishirinsa, da yawan naitiret. Na duba na ga ruwan da nake zubawa da sunan sabo shi kansa yana ɗauke da kusan miligiram 20. Bai saɓa doka ba, domin iyakar da aka sa wa ruwan sha a nan 50 ce, daidai da ta Hukumar Lafiya ta Duniya. Dalilin ma ba ɓoyayye ba ne. Jihar da muke, Niedersachsen, cike take da manyan gidajen kiwon kaji da aladu da shanu, musamman wajen Vechta da Cloppenburg, kashin dabbobin da ake watsawa a gonaki yana tsiyaya zuwa ruwan ƙarƙashin ƙasa. A watan Yunin 2018 har Kotun Tarayyar Turai ta sami Jamus da laifin sakaci a kan wannan. Ka ga su ma suna da tasu matsalar. Bambancin kawai shi ne ana aunawa, kuma ana faɗa maka.

Kayan magance naitiret kuwa kanta guda ce cif. Ai wannan ƙasar ce gidan sana'ar: kamfanin Tetra, wanda ya shahara da abincin kifi mai kama da ɓawon albasa, a Melle yake, kusa da Osnabrück. Akwai magani na kwalba, akwai wasu ƙwayoyi masu zuƙe naitiret, ba na bakteriya ba, da ake cusawa a matata, akwai na'urar tace ruwan famfo. Na gwada ƙwayoyin. Suna aiki, amma suna cika, sai an jiƙa su a ruwan gishiri ko an sayi wasu, kuɗi na ta zurarewa, ga kuɗin lantarki da a nan ba a wasa da shi.

Maƙwabcina na ƙasan bene, wani dattijo da ya yi ritaya, shi ya raba ni da wannan. Ya hau ganin tankin, ya yi shiru, ya sauka, ya dawo da reshe uku na wata shukar ɗaki da suke kira Efeutute. Ka san ta, ita ce mai yaɗo da ganye kamar zuciya, kore da ɗigon rawaya, wadda masu sayar da fulawa a bakin titi ke sa wa a tukunya. Ya nuna mini gaɓar reshen, inda wani ɗan ƙullutu yake, ya ce daga nan saiwa za ta fito. Ya cire ganyen ƙasa, ya zura gindin ta kafar murfin tankin, gaɓa biyu a ruwa, ganye duka a waje. Ya ja mini kunne a kan abu uku. Ganye in ya nutse ruɓewa zai yi. Kada in tumɓuko shukar kanti da ƙasarta in tsoma, domin ƙasar na da taki, ganyen kuma wataƙila an fesa masa maganin ƙwari. Sannan in ɗaga yaɗon sama inda hannun ƙaramin yaro ba zai kai ba, saboda in aka tauna ganyen yana ƙona baki.

Kwana goma ban ga komai ba. A mako na biyu wani farin zare ya leƙo daga gaɓar. Zuwa wata biyu saiwoyi sun sauka kamar gemu har suna taɓa tsakuwa, 'ya'yan kifi na ɓuya a ciki, ita Ummi kullum da safe sai ta ɗora 'yar rularta a jikin gilashi ta auna tsawonsu. Na yi awo, launin ya koma ruwan lemo mai haske, tsakanin 10 da 20. Sirrin ba wani abu ba ne, Yaya. Abin da muke kira datti a ruwan kifi shi ne abin da manomi ke sayen buhun taki dominsa. Shukar da ganyenta ke waje tana shaƙar iska son ranta, don haka ta fi ciyawar cikin ruwa saurin girma, mai saurin girma kuwa shi ke cin taki da yawa. Ban daina canza ruwa ba, amma yanzu mako biyu-biyu nake yi.

Da Disamba ta zo, rana na faɗuwa ƙarfe huɗu da 'yan mintuna, shukar ta tsaya cik, awo ya fara komawa ja. Sai da na sayo mata fitila ta musamman. A ranar na yi ta tunanin hasken da ke zuba a tsakar gidanmu tun daga hantsi har la'asar, ba ko sisi.

Wani abin da zai ba ka mamaki: kainuwa, wadda ke rufe kududdufai a gida har muke cewa dashen Allah, a nan a da sayar da ita ake yi a kantin kifi, domin tana cikin shukokin da suka fi zuƙe naitiret. Tun watan Agustan 2024 Tarayyar Turai ta hana sayar da ita da ajiye ta, don gudun kada ta mamaye koguna. Masu kiwon kifin ado a nan har dankalin Hausa suke saya a kantin kayan abinci, su dangana shi a bakin tanki rabinsa a ruwa, ya yi saiwa ya yi yaɗo. Na gwada, ya ma fi reshen dattijon sauri.

To, ga abin da nake so ka duba. Kifina ba su kai talatin ba, kowanne bai wuce ɗan yatsa ba. Kai kana da tarwaɗa dubu da ke cin abinci safe da yamma, reshe uku ba za su yi maka komai ba, kuma tunda ba ka da matata, abin da ke damun ruwanka galibi amoniya ce. Canza ruwa ba makawa. Amma ruwan da kake sakin wa kwata kullum, taki kake zubarwa, kuma shuka tana shan amoniya ma. Ka ja masa hanya zuwa fangali biyu ko uku a bayan gida, ka sa alayyahu da yaɗon dankali. In kana so ka sake amfani da ruwan, ka gina ƙaramin kwarami a gefe ka zuba kainuwa, ruwan ya kwana a ciki, ka riƙa kwashe rabinta duk mako domin abin da ta sha ya fita tare da ita. Kada ka bar ta ta rufe fuskar tankin kifin kansa, kada kuma wadda ka kwashe ta kai rafi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai kuwa rijiyar gidan Hajiya ce. Tana kusa da shadda, ga turken awaki, kuma ba a taɓa auna ta ba. Iyakar 50 ɗin nan saboda jarirai aka sa ta, waɗanda ake dama wa madara da ruwa, domin naitiret mai yawa na hana jininsu ɗaukar iska har leɓensu ya yi shuɗi. Ba shi da launi, ba shi da ɗanɗano, tafasawa kuma ba ta kore shi, sai ma ta ƙara masa ƙarfi tunda ruwan ke ƙonewa.

Na saya maka kayan awo kala biyu, na amoniya da na naitiret, na rubuta yadda ake amfani da su da Hausa na liƙa a jikin kwalin. Wani abokin aikina zai zo gida kafin Sallah, zai kira ka in ya sauka Kano. Ka ajiye su a inuwa, zafi na lalata maganin. Ka fara da rijiyar Hajiya, sannan ruwan burtsatsen da kake cika tanki da shi, sannan tankin kansa da sassafe kafin ka zuba abinci. Ka ɗauki hoton kwalbar a gefen takardar launuka ka turo mini, mu duba tare.

Ƙaninka.