Shirin Gyaran Gida da Wayar da Kan Masu Asma: Abin da Na Gani a Filadelfiya

Ɗiyar ƙanwata mai shekara 9 tana fama da asma, kuma a hunturun bara sau uku aka garzaya da ita asibiti cikin dare. Suna zaune ne a ɗaya daga cikin tsofaffin gidajen bulo na birnin Filadelfiya a Amurka, waɗanda ke manne da juna a jere, inda rufi ke yoyo har fumfuna ta yi baƙi a bangon ɗakin yarinyar. Likitarta ce ta sa su cikin wani shiri na kyauta ga masu ƙaramin ƙarfi, wanda ya haɗa gyaran gida da koyar da kula da cutar.

Ma'aikaciyar lafiyar da aka turo ta burge ni ƙwarai, domin ta durƙusa ta leƙa bayan firiji ta nuna mana kashin kyankyasai da na ɓeraye, ta bayyana cewa su da fumfuna da ƙurar kafet ne ke tayar da ciwon. Ta koya wa yarinyar shaƙar magani ta bututun da ake haɗawa da inhela, wato 'yar na'urar fesa maganin asma a baki, ta kuma bambance mata maganin kullum da na lokacin da numfashi ya sarƙe. Da ta ga kaskon turaren wuta, cikin ladabi ta roƙi ƙanwata ta daina kunna shi a cikin gida, abin da ya yi mata nauyi, amma ta amince.

A ganina, ƙarfin shirin yana wajen magina. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 262 ne ke da asma a 2019, kuma talakan da ke cikinsu, ko an koya masa tsabta, ba shi da kuɗin toshe rufi. A nan an toshe yoyon, an cire bangon da ya ruɓe, an ɗauke kafet, an sa fanka mai fitar da tururi a banɗaki.

Abin da ban ji daɗinsa ba shi ne jiran wata biyar kafin a fara aiki, sannan maƙwabciyarsu da ke haya ta rasa gyaran saboda mai gidan ya ƙi sa hannu. Duk da haka ina ba iyaye shawarar su tambayi likita ko akwai irinsa a garinsu, domin tun bayan gyaran yarinyar ba ta sake kwana a asibiti ba.