Canjoba sabuwa ko soket na hannu? Amsata ga Alhaji mai motar gida

Alhaji, sannu da wannan ɗawainiya. Tunda ka ce janareta na kawo wuta amma ta sansani, wato filin da motocin gida (masu ɗakin kwana a ciki) ke yada zango, ba ta shiga tun da rufin ya yi yoyo, kuma mai gyara ya ba ka zaɓi biyu, canjoba sabuwa ko soket na hannu, ni dai ka sa soket na hannu. Na bi hanyoyin nan biyu a tawa motar, ƙirar 1996 mai amfiya 30, a nan Texas.

Akwatin canjobar nan da ke ƙarƙashin gado ko bayan kabad, aikinsa ɗaya da canjoba da muka sani a gida tsakanin wutar NEPA da janareta, sai dai shi da kansa yake juyawa. A irin namu, wutar sansani ce ke wucewa kai tsaye, idan janareta ya tashi sai ya ɗan jira daƙiƙoƙi ya karkata gare shi. Ruwa na taɓa bakin ƙarafan da ke haɗuwa, tsatsa ta kama, gefe ɗaya ya mutu ɗaya ya ci gaba da aiki.

Da na buɗe nawa, sukurorin sun yi kore, farar waya ta koma ruwan ƙasa, ga warin roba da ta ƙone. Wani dattijo maƙwabcina a sansanin, tsohon mai aikin lantarki, ya leƙa ya ce in fitar da shi gaba ɗaya. Da yamma ɗaya muka gama. Wayar janareta ta ƙare a soket mai ƙafa uku, irin TT-30, cikin ɗan ɗakin da ake naɗe igiyar wuta, ita kuma igiyar ta tafi kai tsaye zuwa allon bireka. In na isa sansani in soka a fegi, wato sandar da ke ɗauke da soket ɗin wutar sansani, in zan tashi in cire in soka a na janareta. Haka tsofaffin motocin gida da yawa suka fito daga kamfani tun asali. Babu abin da ke motsi a ciki balle ya maƙale, kuma wuta biyu ba su da hanyar haɗuwa tunda fulogi ɗaya ne. Daren da fanka da firji suka tashi bayan kwana uku muna zufa, uwargida har shayi ta aika wa dattijon nan. Wahalar soket ɗin ɗaya: dole ka fita da ƙafarka, ko ana ruwa, kuma in ka manta ba ka soka ba, za ka kunna janareta a hanya ka ga esi shiru.

Canjoba sabuwa kuwa, tana aiki, ba sai ka fita ba. Amma in ba ka toshe yoyon ba, kuɗinka ka zuba a ruwa.

Kafin ka sayi komai, ka tabbatar canjobar ce ta lalace. Ka sa mita a fegin sansani ka ga bolt 120, ka duba birekar fegin, ka duba fulogin igiyarka ko ƙafafunsa sun yi baƙi. In wasu soket ne kawai suka mutu, nemi mai GFCI, wato soket mai yanke wuta da kansa in tana ɗiga, na banɗaki ko kicin ka danna maɓallinsa, don ɗigar wuta kamar miliamfiya 5 ta ishe shi ya yanke, kuma jiƙaƙƙen soket na waje kan jawo hakan. Don Allah kada ka buɗe akwatin sai ka zare igiya, ka kashe janareta da inbata. Wayar da za a sa kaurinta ya zama lamba 10 a ma'aunin Amurka, kuma mai lantarki ya duba maka wayar ƙasa kafin ka kwana a ciki da iyali.

Sai ka yi hattara da masu sayarwa. Kafin dattijon nan, na sayi tsohuwar canjoba wajen wani da ya rantse daga mota mai lafiya ya ciro ta. An wanke ta an fesa mata mai tana ƙyalli, wata biyu ta ƙone. Bayan ambaliyar guguwar Harvey a Houston a 2017, motocin da ruwa ya shanye sun cika kasuwa, kayansu kuma na yawo. Ka sa a buɗe murfi a gabanka, ka nemi layin laka a kusurwa, ka shinshina. Wanda kuma ya ce maka na'urar cajin batir ce ta lalace, ka sani aikinta mayar da 120 zuwa bolt 12 ne don fitilu da batir. Ba ita ke ba esi da soket wuta ba.

Ka hau rufin nan tukuna, ka duba gefen esi da bakin tagogin sama, ka toshe, ka bar katakon ya bushe sarai. Sannan ka sa soket ɗin. In ka buɗe akwatin ka turo mana hoton cikinsa mu gani.