Allurar baya ko a daure naƙuda haka nan?

Jiya wurin awo ƙanwata ta ce min, Yaya wai wanne ya fi, epidural (wato allurar baya mai kashe ciwon naƙuda) ko in daure? Ni duka biyun na ɗanɗana. Haihuwar fari haka na sha ta, tun isha'i nike riƙe da ƙarfen gado ina salati har asuba, amma fa ina iya tashi in zagaya in durƙusa, ina haihuwa kuma na miƙe da ƙafafuna.

Ta biyu aka yi min allurar. Likitan sa barci ka yin ta, ki zauna ki lanƙwasa baya ya sa wani siririn tiyo a ƙasan gadon bayanki, minti 15 zuwa 20 ciwon ya lafa, wallahi har barci na yi. Sai dai ƙafa ta yi nauyi, ga ƙarin ruwa an ɗaura don allurar tana iya sa awon jini (BP) ya yi ƙasa, fitsari ma sai da roba, yunƙurin kuma ya ɗan ja lokaci tunda ba ki jin shi sosai. Kusan 1 cikin 100 kan samu matsanancin ciwon kai daga baya. Batun wai tana bar ma mace ciwon baya har abada kuwa, bincike bai nuna haka ba.

Ba ko'ina ake yin ta nan Sakkwato ba, ga kuɗi, na ce mata ta tambayi likitanta tun yanzu. Ni dai in naƙuda ta yi tsawo allurar zan roƙa.