Gidan sauron CRS: kaya sun yi, amma akwai magana

Masu tambaya ko gidan sauron nan da ake rabawa kyauta yana da kyau, eh yana da kyau, ni taurari 4 cikin 5 na ba shi. Ma'aikata ke bi gida-gida suna ƙirga mutane, duk mutum biyu guda ɗaya, kuma ko sisi ba ka biya. In ka karɓa kar ka yi saurin ɗaurawa, ka shanya shi a inuwa awa 24 tukuna in ba haka ba maganin jikinsa zai sa ka kwana sosa fuska. Lokacin zafi akwai takura kam, amma ya fi zaryar kemis.

To tauraro ɗayan da na riƙe fa? CRS ɗin nan mai rabon, wato Catholic Relief Services, ƙungiyar agaji ce ta bishop-bishop ɗin Katolika na Amurka, tun 1943 suka kafa ta, hedikwatarta na Baltimore. Kuɗin gidan sauron daga asusun tallafin lafiya na duniya, Global Fund, yake, kuma cikin waɗanda suke aikin tare a Najeriya akwai Society for Family Health, wato masu Gold Circle, kwaroron roba dai da kowa ya sani, alhali cocinmu tun 1968 Paparoma Paul na shida ya jaddada cewa hana ɗaukar ciki ta irin wannan hanya bai halatta ba. Ba yau aka fara ƙorafin ba ma, a 2013 an yi ta cece-kuce a Amurka da aka ji CRS ta ba wata ƙungiya mai suna PSI sama da dala miliyan 2 don aikin maleriya a Gini, ita kuwa PSI tsarin iyali na cikin manyan ayyukanta, bishop-bishop suka fito suka kare CRS, CRS ɗin kuma ta ce ba ta saye ko raba kwaroron roba, kuɗin na maleriya ne kawai.

Gaskiya ni hujjar ta shige ni rabi. Sauro bai san ɗan Katolika ba bai san Musulmi ba, kuma wanda ke da motoci da ma'aikata har ƙauyukan Jigawa da Katsina dole ka nemi hannunsa in kana son kaya su kai. Amma kuɗi in ya shiga asusun ƙungiya ai ya ƙara mata ƙarfi da suna, ko a ce na sauro ne ko na me. Abin da ya fi damuna shi ne sai a intanet mutum ke tsintar labarin. Ranar Lahadi a ce mana kaza haramun ne, to manya su fito su faɗa mana da Hausa dalla-dalla inda aka ja layi da waɗannan abokan aiki, mu ba yara ba ne.

Duk da haka in an zo rabo unguwarku ku karɓa, musamman gidan da ke da mai ciki ko ƙananan yara. Kuma don Allah a daina kewaye lambun tumatir da shi.